Kafin Jan Fenti Ya Bushe: Yadda Za Ka Tsaya wa Diyyar Gida da Gona a Zariya

Ranar da masu ƙidayar diyya suka shiga gonar Kawuna, shi yana cikin Birni wajen jana'iza. Su huɗu ne: ɗaya da tef ɗin awo, ɗaya da littafi, ɗaya da gwangwanin jan fenti, ɗaya yana ɗaukar hoto da waya, sai yaron mai unguwa a gaba yana nuna iyaka. Kafin la'asar sun wuce. Bayan wata biyu da aka liƙa sunaye, muka tarar an rubuta masa mangwaro huɗu alhali tara ne, ɗorawar bakin iyaka ta tafi sunan maƙwabci, rijiyar da ya haƙa don noman rani kuwa ko ambatonta babu. Damina ce a lokacin, an rufe bakinta da tsohon kwano, ciyawa ta haye kanta.

Kawu ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Ɗan nan, ai kowa a garin nan ya san rijiyar nan." Na ce, "Haka ne Kawu, amma wanda zai biya ba ɗan garin nan ba ne, takarda yake karantawa." Mun sha zirga-zirga kafin a gyara mangwaron da ɗorawar. Rijiyar kam ta tafi, domin kafin ƙorafinmu ya isa inda zai isa, katafila ta cike ta.

Tun daga nan na gane cewa ba ranar biya ake yanke diyya ba, ranar ƙidaya ake yanke ta. Abin da bai shiga takarda a wannan rana ba, da wuya ya shiga aljihunka. Ga ƙasar Zazzau kuma ta zama mahaɗar manyan ayyuka: titin Abuja zuwa Kano da ya ratsa Zariya, bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar a 2020, layin dogon Kaduna zuwa Kano da aka aza harsashinsa a 2021, ga layukan wutar lantarki, ga faɗaɗa tituna a cikin gari. Mai gona a Shika ko Dakace, da mai gida a Tudun Wada ko Kwangila, duk wata rana suna iya wayar gari su ga alamar ja a bango.

Fara da sanin abin da doka take biya

Nan ne mafi yawan ɓacin rai yake farawa. Mutum yana lissafin nawa za a sayi filinsa a kasuwa, doka kuwa wani lissafi daban take yi. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ɗora duk ƙasar jiha a hannun Gwamna bisa amana, abin da kake riƙe da shi haƙƙin zama ne da amfani. Sashe na 28 ya ba Gwamna ikon janye wannan haƙƙi saboda maslahar jama'a, kuma idan Gwamnatin Tarayya ce take son wurin, ta hannun Gwamnan ake bi. Sashe na 29 shi ya fayyace diyya, ya raba ta uku. A kan ƙasar kanta, abin da za a mayar maka shi ne kuɗin hayar ƙasa da ka biya wa gwamnati a shekarar da aka karɓe, idan ka biya. A kan gini da makamantansa, kuɗin sake gina irinsa, a cire ragin tsufa. A kan amfanin gona, farashin da babban jami'in filaye na jiha ya ƙayyade.

Wato dokar tana biyan guminka da kuɗinka da suke kan ƙasar ne, ba ƙasar ba. A ganina wannan ba adalci ba ne ga wanda ya sayi fuloti da miliyoyi a Samaru bai kai ga ɗora bulo ba, amma haka dokar take, kuma sashe na 315 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba ta kariya ta musamman. Tunda haka ne, ƙarfinka duka sai ya koma kan tabbatar da duk abin da ka ɗora a wurin. Dokar da kanta ta lissafa irin abubuwan: gine-gine, bishiyoyi masu daɗewa, shinge, rijiyoyi, hanyoyi, ayyukan ban ruwa da na ciko.

Akwai abu biyu da suke wajen manomi da mai gida waɗanda mutane ba su cika sani ba. Sashe na 6 na Dokar Amfani da Filaye ya ce idan gonar da aka karɓa tana ƙarƙashin haƙƙin gargajiya kuma noma ake yi a cikinta, ƙaramar hukuma za ta ba mai ita wata gonar a madadi. Sashe na 33 kuma ya ba da damar a ba mai gidan zama wani matsuguni maimakon kuɗi. Ka nemi waɗannan a rubuce tun da wuri. Wanda noma ne sana'arsa, gona ta fi masa kuɗin da zai ƙare kafin damina biyu.

Da ka ji ƙishin-ƙishin

Kada ka tsaya kan "an ce". Ka tafi wajen mai unguwa ko dagaci, daga nan zuwa ofishin filaye na ƙaramar hukuma, Zariya ko Sabon Gari ko Giwa ko Soba, gwargwadon inda wurin yake, sannan KADGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filayen Jihar Kaduna. Tambaya uku za ka yi: wane aiki ne, wa yake da shi, da kuɗin wa za a yi.

Amsar tana sauya lissafi ƙwarai. Idan bututun mai ko gas ne, Dokar Bututun Mai ce take aiki, ita kuwa ta fi faɗi, tana duba ɓarna da damuwar da aka jawo maka da raguwar darajar ragowar filin. Idan aikin da bashin Bankin Duniya za a yi shi, ƙa'idarsu ita ce a biya cikakken kuɗin sake gini ba tare da ragin tsufa ba, a kula da waɗanda sana'arsu za ta tsaya, har da marasa takardar fili, kuma a kafa kwamitin sauraron ƙorafi. A irin wannan aiki akwai kundin tsarin sake tsugunarwa da ake bugawa a fili, ka nemi ganinsa. Akwai kuma ranar da suke tsayarwa, duk abin da aka gina ko aka dasa bayanta ba a biya.

Sanarwa ma haƙƙinka ce. Doka ta ce a ba mai haƙƙi sanarwar janyewa da sa hannun jami'in da Gwamna ya wakilta, a miƙa masa hannu da hannu, ko a kai gidansa, ko a aika ta gidan waya, ko a liƙa a wurin idan an rasa shi. Jan fenti a bango ba sanarwa ba ne. Idan takardar ta zo, ka rubuta ranar da ta iso ka a bayanta, ka yi kwafi, ka adana.

Sai gaskiya mai ɗaci guda: wanda ya yi gini cikin hurumin da aka riga aka ware, da wuya ya samu ko sisi. Babban titin tarayya yana da mita 45.72 daga tsakiyarsa zuwa kowane ɓangare. Layin wuta mai ƙarfin kilovolt 330 yana da hurumi mai faɗin mita 50, mai 132 yana da mita 30. Ka auna da kanka ka san matsayinka, kuma idan gininka ya riga titin ko layin zuwa, ka tanadi hujjar hakan.

Takardu, da maganar gado

Ka tattara duk abin da ke nuna wurin naka ne: takardar mallaka da aka fi sani da C of O, takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu, takardar ƙaramar hukuma, zanen safiyo, izinin gini daga KASUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna, rasiɗan hayar ƙasa, takardar rabon gado daga kotu. Rashin C of O ba ya kashe haƙƙinka, domin sashe na 34 da na 36 na Dokar Amfani da Filaye sun amince da waɗanda suke riƙe da gidaje da gonaki tun kafin 1978 da magadansu. Sai dai mai takarda ya fi saurin wucewa. Wanda ba shi da ita ya nemi dagaci ya rubuta masa shaida, maƙwabtan iyaka huɗu su sa hannu tun ana zaman lafiya.

Gonar gado da ba a raba ba ita ce ta fi jawo kuka. Sai babban wa ya ba da sunansa shi kaɗai, kuɗi ya faɗa asusunsa, 'yan'uwa mata da ke gidajen aure a Kaduna ko Funtuwa su ji labari bayan an cinye. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma dillalan diyya irin wannan tsagewar suke nema. Ku zauna kafin masu ƙidaya su zo. Ko dai a raba a kotu kowa ya tsaya kan kasonsa, ko a rubuta yarjejeniya da sunayen duk magada, maza da mata da marayu, a faɗi wanda zai wakilta da yadda za a raba kuɗin. Haka gonar da ke hannun ɗan aro, ɗan haya ko mai jingina: amfanin da ke tsaye na wanda ya shuka ne, bishiyoyi da rijiya na mai gona ne, sai a rubuta sunaye biyu a wurare biyu.

Yi taka ƙidayar kafin tasu

Wannan shi ne aikin da ya fi kowane muhimmanci, kuma ba ya cin kuɗi. Ka sayi littafi mai tauri da tef ɗin awo mai mita 30 ko 50, ka samu mutum biyu, ka ware yini guda.

A gida, ka zana fasalin gidan a shafi ɗaya, ka ba kowane gini lamba. Ka auna tsawo da faɗi daga wajen bango, ba daga cikin ɗaki ba, domin kaurin bango ma gini ne, a tsofaffin gidajen ƙasa na cikin Birni kuwa kaurin ba kaɗan ba ne. Ka ninka tsawo da faɗi, ka samu murabba'in mita. Sannan ka rubuta da me aka yi kowane abu. Bango na bulo ne, inci 6 ko inci 9, ko tubalin ƙasa ne da aka yi wa filasta? Rufi kwano ne na da, ko dogon kwano na zamani, ko soro ne na azara, ko dakin? Akwai silin, wane iri? Daɓen siminti ne ko tayil? Ƙofofi da tagogi na ƙarfe ne ko katako ko gilashi, guda nawa? An ja waya, an ja famfo? Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana ɗaga farashin murabba'in mita ko ya sauke shi.

Sai ƙananan abubuwan da ido yake tsallakewa, alhali idan an haɗa su kuɗi ne mai kauri: zaure, baranda, kicin na waje, banɗaki da ramin shadda, katanga da tsawonta da tsayinta, get, daɓen tsakar gida, rijiya da zurfinta da yawan kwalbatin da ke ciki, burtsatse da tanki da ƙarfen da ya ɗauke shi, rumbu, ɗakin kaji, garken awaki, magudanar ruwa, fandishon da aka haƙa ba a ɗora ba. Idan wurin kwari ne ka cike shi da jar ƙasa, ka nemo rasiɗan tifa, domin a kan aikin ciko doka ta ce sai da hujjar takarda. Wanda ya ɓatar da nasa ya koma wajen mai tifar ya rubuta masa shaida.

A gona, ka bi bishiya ɗaya bayan ɗaya da fenti naka, fari ko shuɗi, kana rubuta lamba a gindin kowace. Mangwaro, gwaiba, lemu, yazawa, ɗorawa, kaɗanya, kuka, tsamiya, giginya, rimi, zogale, darbejiya, turare, duk su shiga. Kada ka ce kuka da ɗorawa ai Allah ne ya tsirar da su, ba ka dasa ba. Suna cikin bishiyoyin tattalin arziki da ake biya, kuma matan gida sun san nawa kalwa da garin kuka suke kawowa a shekara. A gefen kowace ka rubuta ko babba ce mai 'ya'ya, ko matsakaiciya, ko dashe, domin jadawalin farashi kashi-kashi yake, cikakken kuɗi na mai 'ya'ya ne kaɗai. Bishiyar kan iyaka ku daidaita da maƙwabci tun yanzu.

Amfanin gona da faɗin ƙasa ake lissafa shi, don haka ka san girman gonarka da awo, ba da "ta kai buhu goma" ba. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, eka kusan 4,047, fuloti mai ƙafa hamsin da ɗari kusan 465. Idan ka haɗa masara da wake ko dawa da waken soya, a rubuta duka biyun. Masu lambu a bakin Galma da Kubanni su kula sosai: fadamar da ake rake, tumatir, albasa da attaruhu da rani, idan aka zo ƙidaya bayan an kwashe, za a gan ta fili ne kawai. Ka tanadi hotunan lokacin da take kore, rasiɗan taki da iri, da shaidar dillalin da kake kai wa kaya. Kwalbatin ban ruwa, bututun da ka binne da rijiyoyin tsotso su ma a nuna su.

Daga nan hoto da bidiyo. Ka kunna wa kyamarar waya kwanan wata da wuri, ka ɗauki kowane gini ta fuska huɗu da cikinsa, kowace bishiya da lambarta, mutum yana tsaye a gefe don a ga girma. Ka tura kwafi zuwa wayar wani ɗan'uwa, waya tana ɓata. Kafin ranar ƙidaya ka share ciyawa, ka buɗe bakin rijiya, ka fito da duwatsun iyaka.

Abu ɗaya nake roƙo: kada a yi dashen dare. Na san ana zuga mutane su kafa tsirrai ko su jera bulo da zarar an ji aiki na zuwa. Haram ce, kuma masu aikin suna da hotunan tauraron ɗan'adam na watannin baya. Idan suka kama ƙarya a gona ɗaya, sai su shiga zargin unguwar gaba ɗaya, mai gaskiya ya sha wahalar da bai jawo ba.

Ɗauki ƙwararre

Ido ba mudu ba ne, ya san ƙima, amma a gaban gwamnati ƙimar ido ba ta tsayawa. Wanda doka ta yarda ya sa wa kadara farashi shi ne mai kimanta kadarori da ke da rajista da hukumar ESVARBON, wadda aka kafa a 1975. Ƙungiyarsu ita ce NIESV. Daban yake da safiyo mai auna fili, daban da dillali. Ka nemi lambar rajistarsa da hatiminsa, ka tabbatar.

Wanda gwamnati ta turo aikin gwamnati yake yi. Kana da damar ɗaukar naka ya tsaya tare da kai. Yawanci za su kawo takardar wakilci ka sa hannu, ladansu kuma kaso ne daga diyyar. Kada ka dangwala kafin a karanta maka ita da Hausa. A rubuta kason ƙarara, a rubuta cewa wakilcin na kimantawa da bin ƙorafi ne kawai, kuɗi kuma asusunka zai shiga kai tsaye. Idan ku da yawa ne a layi ɗaya, ku haɗu ku ɗauki mutum ɗaya, ku kafa kwamiti mai dattawa, matasa masu karatu da wakilcin mata. Ladan zai yi sauƙi, muryarku ta yi nauyi.

Ranar ƙidaya

Ka kasance a wurin da kanka. Idan larura ta hana, ka tura wanda ya san gonar ciki da bai, da littafinka a hannunsa. Ka riƙe katin shaidarka, a rubuta sunanka daidai da yadda yake a banki, domin bambancin harafi ɗaya tsakanin Muhammad da Mohammed yana iya tsayar da kuɗi wata da watanni.

Ka bi su ƙafa da ƙafa. Idan mai tef ya faɗi awo, ka duba tef ɗin da idonka, ka duba abin da mai littafi ya rubuta. Ba rashin kunya ba ne ka ce, "Yallaɓai, a yi haƙuri a sake auna wannan, nawa awon ya nuna mita goma." Mafi yawansu ba mugunta ke sa su kuskure ba, gajiya ce da rana da yawan gonakin da ke gabansu. Wanda ya zo musu da tsararren lissafi cikin ladabi, sauƙi ya kawo musu.

Idan wani ɓangare ne kawai aikin zai ci, ka sa a rubuta halin da ragowar za ta shiga. Gidan da aka yanke wa banɗaki da zaure, ko gonar da aka raba biyu aka bar maka siririn yanki da garma ba za ta juya a ciki ba, asara ce da ta wuce abin da tef ya nuna. Mai shago ya ambaci cinikin da zai tsaya, mai 'yan haya ya kawo rasiɗan haya. Ko da dokar jiha ba ta ambaci waɗannan ƙarara ba, shigarsu takarda ita ce ƙofar tattaunawa daga baya. Masallaci, makarantar allo da maƙabarta na al'umma ne, a rubuta su da sunan al'umma, a kuma amince tun da wuri wa zai riƙe kuɗin.

Kafin ka sa hannu, a karanta maka fom ɗin daga sama har ƙasa. Guraben da ba a cike ba a ja musu layi. Ka karɓi kwafi, idan sun ce babu, ka ɗauki hotonsa a gabansu tare da lambar da suka ba ka. Idan akwai abin da ba ka yarda da shi ba, ka rubuta a jikin fom ɗin, "Ban amince da adadin bishiyoyi ba," sannan ka sa hannu a ƙarƙashi. Fom marar rubutu kuwa, ko wa ya ce maka "za mu cike a ofis", kada ka taɓa shi.

Yadda ake fitar da kuɗin

Bari in kawo misali, alƙaluman na koyarwa ne kawai, ba farashin yau ba ne. A ce gininka mita 10 ne da mita 8, murabba'in mita 80 ke nan. A ce sake gina irinsa yana cin N150,000 a kowace murabba'in mita, ya kama N12,000,000. Idan aka cire ragin tsufa kashi 20 cikin 100, saura N9,600,000. Idan mai kimantawa ya ga dama ya sa kashi 40, saura N7,200,000. Lamba ɗaya da aka sauya a takarda ta cinye maka N2,400,000, ba tare da an taɓa awon ba.

Shi ya sa wurare uku za ka zuba wa ido: awo, farashin murabba'in mita, da kason tsufa. Farashin ya zama na yau, ba na shekarun da siminti yake da araha ba. Ka samu magini da mai sayar da kayan gini a Sabon Gari su rubuta maka farashin siminti, rodi, kwano da katako na wannan watan. Tsufa kuma da halin da ginin yake ciki ake auna shi, ba da shekaru kawai ba. Gidan da aka sake wa rufi da filasta bara bai kamata a yi masa ragin gidan da aka yi watsi da shi ba, don haka rasiɗan gyara suna da amfani.

Bishiyoyi da amfanin gona da jadawali ake biyansu: adadi sau farashin rukunin. An daɗe ana amfani da farashin 2008 har ya zama abin takaici, sai a 2024 Ma'aikatar Gidaje ta Tarayya ta sanar da sabunta shi. Ka tambaya ƙarara wane jadawali za a yi maka aiki da shi, na jiha ko na tarayya, na wace shekara, kuma ka nemi ganinsa. Ka kuma nemi a ba ka lissafinka filla-filla, ba dunƙulallen adadi ba. Wanda aka ce masa "naka miliyan uku ne" bai san inda zai kama ya yi ƙorafi ba.

Idan biya ya yi jinkiri, doka ta tanadi kuɗin ruwa a kan diyyar gini bisa farashin banki. Na san da yawa daga cikinmu ba za su so su taɓa wannan ba, kuma tambaya ce da ya dace mutum ya kai wa malaminsa. Hanyar da ba ta da shubuha ita ce a nemi sake kimantawa bisa farashin lokacin biya, domin kuɗin da zai gina ɗaki uku shekara biyu da suka wuce, yau da ƙyar ya kai biyu linta.

Idan ba ka gamsu ba

Ka rubuta ƙorafi nan da nan, kada ka jira a gama biyan kowa. Takarda ɗaya ta isa: sunanka, lambar fom, abin da aka rubuta, abin da yake daidai, da hotuna da rahoton mai kimantawarka a haɗe. Ka kai kwafi biyu, a buga hatimin karɓa a ɗaya ka dawo da shi. Ka ba hakimi kwafi. Sashe na 30 na Dokar Amfani da Filaye ya ce saɓani kan adadin diyya ana miƙa shi ga Kwamitin Amfani da Rabon Filaye na jiha. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ma tana sauraron irin wannan kyauta.

Za ka ji ana cewa ba a kai maganar adadin diyya kotu. Gaskiya ne sashe na 47 na dokar ya faɗi haka, amma sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulki ya wajabta biyan diyya cikin gaggawa, ya kuma ba mutum damar zuwa kotu a kan haƙƙinsa da kuma adadin, kuma kotuna sun rinjayar da Kundin. Babbar Kotun Jiha tana zama a nan Zariya. Ka ga lauya da wuri, domin ƙara tana da wa'adi, kuma ka roƙa a rubuce kada a rusa abin da ake jayayya a kansa sai an sake dubawa. Wannan ne muka makara a kansa a rijiyar Kawu.

Ranar biya za a ba ka takardar sallama da ke cewa ka karɓi haƙƙinka duka, ba ka da sauran magana. Idan ƙorafinka bai ƙare ba, ka nemi shawarar lauya kafin ka sa hannu, ko a rubuta a jiki cewa ka karɓa ne ba tare da janye ƙorafi ba. Ka gwada adadin da ya shiga asusu da wanda ke kan jadawali. Babu wani kaso da doka ta ce ka cire wa jami'i ko mai sarauta.

Bayan kuɗi ya shiga, da sauran aiki kaɗan. Ka nemi wa'adi a rubuce don girbe abin da ke gona da kwashe kwano, ƙofofi, azara da itacen bishiyoyin da za a sare. Galibi ana bari, amma sai an tambaya. Ragowar filin kuma ka kira safiyo ya sake aunawa, a kafa sababbin duwatsun iyaka ta ɓangaren da aikin ya bi, a gyara girman a takardarka don kada a ci gaba da cajin ka hayar ƙasar da ba ta hannunka. Kawu ya yi haka da abin da ya rage masa, ya haƙa sabuwar rijiya ta gefen gabas. Wannan karon ya ɗaure bakinta da siminti har gwiwa, ya sa magini ya rubuta shekarar a jiki tun simintin yana ɗanye, rasiɗin kwalbatin kuma yana cikin jakar da yake ajiye takardun gona.